Abin da Mande Ta Ajiye a Gindin Jigo

Mijina Roko ya rasu lokacin tsinkar zaitun. 'Yarmu Vinka, ita kaɗai muka haifa, ta zo jana'iza daga Jamus da 'yar jaka guda, ta ce kwana kaɗan za ta yi. Sanyi ya shigo ya same ta a tsibirinmu, ya fara fita tana nan. A can Jamus aikin kula da tsofaffi take yi, kuma sun ce za su riƙe mata gurbinta zuwa bayan Ista, daga nan su ba wata.

Ban taɓa ce mata ta zauna ba. Ban iya irin wannan roƙon ba. Abin da na iya shi ne in dafa mata kifi da dankali yadda take so, in yi kamar ban ga jakar a bayan ƙofa ba.

Wata safiya ina yankan burodi ta ce, "Mama, Barba Dujam zai sayar da Mande."

Barba muke ce wa dattijo a nan. Mande sunan jirginsa ne, kuma sunan matarsa da ta riga shi tafiya. Jirgin iska ne, wato jirgin ruwa da iska ke turawa, na faiba, mai ɗakin kwana da ɗan kicin a ciki. Ya saye shi hannun wani Ba'italiye tun Vinka tana makaranta. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya hawa da sauka.

"To, ya sayar mana. Ina ruwanmu?"

"Ni zan saya. In riƙa kai baƙi tsibiran Kornati da rani, su kwana a ciki, in dafa musu. Takardar tuƙi ina da ita tun Baba yana nan." Ta ɗauki burodi ta ajiye ba ta ci ba. "In jirgin yana da lafiya, na zauna. In ba shi da lafiya, ba ni da ƙarfin sayen wani, sai in koma. Zan kira mai duba jirage daga birnin Shibenik saboda takardun inshora, amma kafin in taso shi ina so ke ki fara gani."

"Ni? Me na sani?"

"Mama, wane jirgi Baba ya duba ba kya bayansa da tocila?"

Gaskiya ta faɗa. Roko ya yi rayuwarsa a filin gyaran jirage na bakin tashar ruwa, kuma duk wanda zai sayi tsohon jirgi a nan sai ya kira shi. Da idonsa ya fara rauni ni nake haska masa, in faɗa masa abin da na gani. Amma tun da aka binne shi ban taka filin ba. Ko hanyar coci na canza don kada in ji ƙarar guduma.

Na ce zan yi tunani. Da ta fita na buɗe akwatin kayan aikinsa na ciro 'yar gudumarsa mai ƙotar zaitun. Ƙotar ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama. Na sa ta a aljihun riga.

Washegari muka sauka tasha. Barba Dujam yana zaune a bayan jirgin da hularsa ta kullum, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo.

"Kai, yau na shiga uku," in ji shi. "'Yar Roko, na ce ki zo ki ga jirgi, ban ce ki kawo mini alƙali ba."

"In ba ka ɓoye komai ba me kake tsoro?" na ce.

"Ke nake tsoro, Perina. Ke da ko kifin gwangwani sai kin juya shi kin duba cikinsa."

Na cire takalmi kafin in hau. Roko ba ya hawa jirgin da za a saya da takalmi, don takalmi yana ɓoye wurin da ya yi laushi. Na taka saman jirgin a hankali daga baya zuwa gaba, ina danna dunduniya kusa da kowane ƙarfe da aka ɗaure da noti, don ta nan ruwa yake shiga ya ruɓar da katakon da ke tsakanin faiba. Ko'ina ya tsaya kyam. Na bi wayoyin da ke riƙe da jigo, dogon sandan nan da filafili ke hawa, ina shafa su da tsumma ko zai kama wani silin da ya tsinke. Bai kama ba.

Na sauka ciki na tsaya ban taɓa komai ba, na ja numfashi. Warin dizal kaɗan, da tsohon kofi, da sabulun Mande da har yanzu yake cikin kabad. Babu warin ruɓa. Na buɗe murfin inji na ɗora tafin hannu. Da sanyinsa.

"Ba ka tashe shi da asuba ka ɗumama shi ba?"

"Da asuba?" in ji Barba Dujam daga sama. "Ni kaina ba na tashi da bugu ɗaya da asuba, balle in tashi wani."

Vinka ta murɗa makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya ya kama. Na leƙa baya, ruwa yana fita da kyau, hayaƙin bai yi shuɗi ba. Vinka ta dube ni, fuskarta kamar ta lokacin da take ƙarama in an ce za a je Shibenik shan askirim. Na kau da kai. Na ji zuciyata ta fara yi mini lissafin labulen da zan ɗinka wa tagogin jirgin.

Sai na durƙusa na ɗaga katakon daɓe. A ƙarƙashi akwai ɗan ruwa kwance, kamar yadda ake samu a kowane jirgi. Na tsoma yatsa na kai baki.

"Mama! Ƙazanta!"

"Ubanki ya ɗanɗana ruwan cikin jirage fiye da yadda ya ɗanɗana miyata."

In ruwan na gishiri ne sosai, teku ce take shigowa ta ƙasa. In babu gishiri, ruwan sama ne ya biyo jigo. Wannan na sama ne, da ɗan gishiri kaɗan. Manyan notunan da ke riƙe da ƙarfen nauyi na ƙarƙashin jirgi suna nan fes, babu jan hawayen tsatsa. Na matsa gaba da tocila zuwa inda jigon ya ratso rufin ɗaki ya sauko ya zauna a kan gindinsa.

Nan na ga farin gari. Ya kewaye ƙafar jigon kamar an barbaɗa fulawa, wani ya jiƙe ya zama kunu. Na goge da yatsa. A ƙarƙashinsa alminiyom ɗin ya yi ƙuraje. Na ciro gudumar Roko na ƙwanƙwasa sama, ya amsa da ƙara mai daɗi. Na ƙwanƙwasa can ƙasa, sai na ji kamar na bugi busasshen burodi.

Na daɗe a durƙushe. Vinka tana bayana tana auna wurin da za ta sa firji. Jigo shi ne abu mafi tsada a jirgin iska bayan inji, wannan ko ni na sani. Na kuma san abin da yake faruwa in ƙafarsa ta karye ana tsakiyar ruwa da iskar arewa, da 'ya'yan mutane a ciki, da tawa 'yar a kan tuƙi.

"Barba Dujam," na ce, "yaushe rabon a ɗaga jigon nan?"

Ya ce, "Tun da aka kafa shi a nan yake."

"To sai an ɗaga. Ƙafarsa tana ci."

"Gishiri ne kawai. A wanke."

"Ba gishiri ba ne. Marinko na filin gyara ya kawo injin ɗaga kaya, a cire, mu gani."

Ya leƙo ta ƙofar ɗaki. Duk wasan ya bar fuskarsa.

"A fitar da jirgin daga ruwa, ki buga cikinsa da gudumar mijinki har gobe. Ki kwance inji in kin so. Jigo kuwa ba mai taɓa shi."

"To ba mai saye."

"To kada a saya. Na fasa ma."

Ya sauka daga jirgin da ƙyar, ya ƙi hannun da Vinka ta miƙa masa, ya tafi yana jan ƙafa.

A hanyar gida Vinka tana gaba ina baya. Sai da muka kai gindin ɓauren ƙofarmu ta juyo.

"Da kin bari na lallaɓa shi. Ke komai sai ki faɗe shi kamar kina jefa dutse."

"Haka na iya."

"Kin san babu wani jirgin da zan iya saye. Ko so kike in tafi?"

Na wuce ta na shiga gida. Da yamma na ji ta jawo jakar nan daga bayan ƙofa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Dujam ba maƙaryaci ba ne. Mutumin da ya bar inji da sanyinsa, ya ce a kwance komai, ba ɓoyon aibi yake yi ba. Washegari da hantsi na soya 'yan ƙosan fulawa da zabibi irin waɗanda Mande take yi, na rufe da tsumma na hau gidansa.

Na same shi a tsakar gida yana gyaran ragar da ba zai ƙara jefawa ba.

"In kin zo ba da haƙuri, ajiye kwanon ki tafi."

"Ban zo ba da haƙuri ba. Matsa in zauna."

Ya ci ɗaya, ya ce sukari ya yi yawa, ya ɗauki na biyu. Rigar aikin Mande mai furanni tana rataye a ƙusa kusa da ƙofar kicin, rana ta cinye launinta.

"Takalman Roko suna bakin ƙofata," na ce. "Nakan share kewaye da su. Ban ɗaga su ba."

Bai dube ni ba. Ya ja zaren raga ya ɗaure.

"Ranar da aka kafa jigon," ya ce, "ba kwa nan, kun je biki a Zadar. Jigon yana lilo a sama, Mande ta ce a tsaya. Ta ciro lambar Waliyyi Nikola daga wuyanta, ta tagulla, wadda ubanta ya yi yawon duniya da ita. Ta shiga ciki ta durƙusa ta ajiye ta a gindin da hannunta. Kin san yadda ake yi."

Na sani. A nan ba a kafa jigo a kan wofi. Kakanninmu suna sa tsaba ko lambar waliyyi a ƙarƙashi, don jirgi ya san hanyar gida. Kwalekwalen ubana ma akwai a nasa.

"Ta ce, muddin wannan yana nan, za ka dawo mini. Kuma kullum na dawo. Ita ce ba ta jira ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Duk abin da ta ajiye a gidan nan 'yan'uwanta sun zo sun kwashe, sun gyara, sun jera. Wannan kaɗai ya rage inda hannunta ya bar shi. Na yarda in sayar wa 'yar Roko don na san ba za ta canza sunan ba. Ban yi zaton za a tone ba."

"Dujam, da Mande tana nan, ta ji an ce ƙafar jigo tana ci, Vinka kuma za ta fita da shi Kornati, me za ta ce maka?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Za ta ce, tsohon jaki, tashi ka kira Marinko."

"To ni ban kai ta iya zagi ba. Amma ka ɗauka na faɗa."

Na ciro gudumar na ɗora a kan tebur tsakaninmu. Ya gane ta. Ya sa yatsansa a lotsawar ƙotar.

"Shekaranjiya na fara taɓa ta," na ce. "Ban mutu ba."

Ya daɗe yana juya ta. Sannan ya ce, "Ni zan ɗauko lambar. Ba Marinko ba, ba ke ba."

"Da wace gwiwar?"

"Ina ruwanki da gwiwata."

Marinko shi ne yake riƙe da filin gyara yanzu, tare suka yi aiki da Roko. Da ya gan ni na shigo ya cire hula, ya ce, "Anti Perina, kin rame." Na ce masa shi kuma ya ƙara tumbi, muka wuce wurin.

Aka fitar da jirgin aka ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Na bi cikinsa da guduma daga gaba zuwa baya, Vinka tana riƙe mini tocila duk da rana tsaka ce. Babu ƙuraje a faiba, babu tsaga inda ƙarfen nauyi ya haɗu da jiki. Na kama allon tuƙi na girgiza, bai yi kwararraf ba. Sannan aka kwance wayoyi, Marinko ya ɗaura wa jigon ɗamara, inji ya ja. Da farko ya ƙi. Sai ya saki da wata ƙara kamar an cire haƙori, farin gari ya zubo.

Ƙafar jigon ta zama kamar burodin da ɓera ya ci. Wani gefen har ana ganin haske ta ciki. Vinka ta dafe baki. Na ga ta dubi hanyar jirgin fasinja da ke fita daga tsibirin.

Barba Dujam ya hau tsani da kansa, muna jin nishinsa, ya shiga ciki. Da ya fito hannunsa a dunƙule yake. Ya buɗe. Lambar ta yi kore shar, amma waliyyin yana nan da sandarsa, ko ƙwarzane babu.

"Ka gani," in ji shi. "Shi ko a jikinsa."

"Ai shi ya ci jigon, Barba," in ji Marinko. "Tagulla da alminiyom ba sa zama wuri ɗaya in akwai ruwan gishiri, ɗaya sai ya cinye ɗaya. Jigon katako na iyayenmu bai damu ba, ka sa masa ko tukunya. Wannan kuwa ba ya so. Ba kai ne na farko ba. Bara na ciro tsabar kakan wani daga irin wannan ramin."

"Kana nufin Waliyyi Nikola ne ya yi mini ɓarna?"

"Ni ban ce ba. Kada ka haɗa ni da fadan coci."

Vinka ba ta yi dariya ba. "Marinko, faɗa mini kawai. Sabon jigo?"

Ya sa aka kwantar da jigon a kan katako, ya karɓi gudumar Roko daga hannuna, ya fara bugawa daga ƙasa yana hawa. Burodi, burodi, sai ƙarar ta washe. Ya koma ya sake. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya ja layi, bai wuce faɗin tafin hannu daga ƙasa ba.

"Daga nan zuwa sama lafiya lau. In yanke wannan, in yi masa sabon gindi mai tsayi daidai abin da na cire, wayoyinki ma ba za a canza ba. Mutumin Shibenik ya zo ya duba da na'urarsa, amma ni na ga jigo. Da an ƙara rani biyu a haka, da wata maganar muke yi."

Vinka ta zauna a kan wani tsohon taya, ta sa kai a gwiwa. Na ɗauka kuka take. Da ta ɗago sai ta ce, "Mama, labulen tagogi, shuɗi nake so. Kada ki sa mini masu furanni."

Mutumin Shibenik ya zo, yaro mai ladabi, ya duba ya rubuta. Ya samo wani famfon ruwa na ƙarƙashin bayan gida da ya ƙage, wanda ni ban ma tuna da shi ba, aka canza.

An mayar da jigon a makon da ya biyo Lahadin da muke kai rassan zaitun coci a sa musu albarka. Yana lilo a sama Barba Dujam ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Haka za ku kafa shi a kan wofi? Kamar arna?"

"Barba, in ka ƙara sa mini ƙarfe a nan, kai zan sa a ƙarƙashi," in ji Marinko.

Ina da reshen a jakata, ban san ma dalilin da ya sa na ɗauko shi ba. Daga itacen da Roko ya dasa ne. Na tambayi Marinko ko ganyen zaitun yana cin alminiyom. Ya ce a iya saninsa akuya kaɗai ke da rigima da ganyen zaitun. Na tsinki 'yan ganye na ba Vinka, ta shiga ta ajiye da hannunta. Lambar kuwa Barba Dujam ya wanke ta da lemon tsami, ya sa mata zare, ya rataye ta a jikin katako saman teburin taswira, nesa da kowane ƙarfe. Ya ce aro ya ba jirgin, ba kyauta ba, kuma zai riƙa zuwa dubawa.

Bayan Ista muka fita gwaji da iskar la'asar. Ni rabona da shiga teku tun kafin ciwon Roko. Barba Dujam yana zaune a baya yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

"Saki igiya! Ba wannan ba, ɗayar! Wa ya koya miki tuƙi, Jamusawa?"

"Ubana ne, Barba."

"To shi ma haka yake yi, ina faɗa yana ƙi."

Vinka ta kashe inji. Filafili ya cika, jirgin ya kwanta kaɗan ya fara gudu, babu abin da ake ji sai ruwa. Na sauka ciki na ɗaga katakon daɓe, na ɗora hannu a ƙafar jigon. Yana ɗauke da nauyin iska duka, bai motsa ba.

Ina nan durƙushe na ji ta a sama tana waya da Jamusanci. Ba na jin yaren, amma na ji sunan gidan tsofaffin, na ji ta yi godiya sau da yawa. Da na hau ta ce in karɓi tuƙi za ta ja igiya. Na ce ban iya ba. Ta ce in riƙe kawai, in nufi fitilar bakin tsibiri.

Na riƙe. Da muka dawo gida ta ɗauki jakar ta ɗora a saman kabad. Takalman Roko suna nan a bakin ƙofa har yau, sai dai yanzu Vinka takan zura su in za ta sauka filin gyara da ruwan sama. Sun yi mata yawa, tana tafe suna ƙara.